Sauti Na Yankewa A Kwamfuta? Ku Fara Duba Faifan Ajiya

Assalamu alaikum.  Kun taɓa jin wani "ƙas" a karatun da aka naɗa, yana tsinka wa malam aya a tsakiya? Wani ɗan'uwa ne a nan Jidda ya kawo mini kwamfutarsa da wannan ciwo. Ta hannu ce, a Harajin Sawarik, kasuwar gwanjo, ya saye ta, yana naɗar karatun malamai da ita. Ya canza makirufo, ya canza waya, har na'urar sautin ya sake saye. Riyal dai sun tafi, ƙarar tana nan daram. Ashe ɓarawon na cikin gida ne: direban faifan ajiya, wato hard disk ɗin da muke cewa.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta ludayi-ludayi take ɗibar sauti. Idan kuna naɗa a kan gutsuren sauti 48,000 cikin sakan guda, kuka sa ma'aunin ludayin, wato buffer, a 256, to kusan duk bayan milisakan 5 sai an cika wani. Direba kuwa ƙaramar manhaja ce da ke tafinta tsakanin Windows da na'ura. In direban faifai ya riƙe ƙwaƙwalwar kwamfuta ya wuce wannan ɗan lokaci, ludayi ya koma wayam. Wannan wayam ɗin kuke ji yana "ƙas".

Kada ku yi ta canki-canka. Ku sauke LatencyMon, manhajar da ke auna jinkirin da direbobi ke jawowa, ku kunna ta kamar minti 15 kuna naɗa, sannan ku leƙa shafin direbobi ku ga wane ne a sama. In kun ga storport.sys na Microsoft ko iaStorA.sys na kamfanin Intel, faifai ne. In ndis.sys ne, laifin na intanet ne, ku kashe Wi-Fi ku sake gwadawa.

A kwamfutar ɗan'uwan nan, na Intel ɗin ne ya fito. Na shiga Device Manager, inda Windows ke jera na'urori da direbobinsu, ƙarƙashin IDE ATA/ATAPI controllers, na maye gurbinsa da Standard SATA AHCI Controller na Microsoft. Amma don Allah ku kwashe ayyukanku zuwa wani faifan tukuna. Kuma kada ku shiga BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ku juya tsarin aikin faifai daga RAID ko IDE zuwa AHCI haka siddan, domin Windows na iya ƙin tashi, ta bar ku da shuɗin allo.

Sai barci. Windows kan kwantar da faifai bayan minti 20 ba a taɓa shi ba, kafin ya farka kuwa sauti ya riga ya yi tuntuɓe. A Power Options ku zaɓi High performance, ku mayar da lokacin kwantar da faifai 0, wato kada ya kwanta sam.

Faifan waje da na'urar sauti kuma kada su raba mahaɗar USB ɗaya. Kowa ramin kansa.

In duk an yi haka bai daina ba, ku buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai. Launin rawaya na nufin faifan ya fara gajiya, kuma zafin Jidda ba ya raga wa tsohon faifai. A nan ba maganar direba ba ce kuma, SSD za ku saka, wato faifan zamani da ba ya juyi.

To, bayan gyara "ƙas" ɗin ya daina, makirufon dai shi ne na da.