Maharban Gwamna Andrew a Yaƙin Basasar Amurka

Assalamu alaikum jama'a. Malamai, ɗalibai, barkanmu da wannan yammaci. Waɗanda ke baya ku ɗan matso, lasifikar ba ta kai wa can.

Yau kan wani ƙaramin kamfanin sojan ƙasa za mu tsaya, wanda aka kafa a jihar Massachusetts, ɗaya daga jihohin Arewa, cikin watan Satumba na 1861, 'yan watanni da ɓarkewar yaƙi tsakanin Arewa da Kudu. Sunan gwamnan jihar, John Andrew, aka laƙaba musu, kyaftin ɗinsu kuma John Saunders ne. Gwanayen harbi ne, da yawansu da bindigoginsu na gasar harbi suka zo, masu madubin hangen nesa, masu nauyin da sai an ɗora bakinsu a kan wani abu kafin a saita.

Da fari an so a zuba su cikin rundunar maharba ta Kanal Hiram Berdan, wadda ta gwamnatin tarayya ce. Suka ƙi, don in sun koma ƙarƙashin tarayya iyalansu za su rasa tallafin da jiha ke biya. Sai suka zauna da kansu, ba bataliyar da ta mallake su.

To, a nan gizo ke saƙa. Kamfanin da ba shi da uwa, kowa aronsa yake yi. A kewayen garin Yorktown na jihar Virginia, cikin Afrilun 1862, an yi amfani da su yadda ya dace: suna ɓoye cikin ramuka, suna ɗauke masu harba igwa na sojan Kudu daga nesa. Aikin da suka iya ke nan.

Amma ranar 17 ga Satumba 1862, a gwabzawar Antietam a jihar Maryland, suna liƙe da runduna ta 15 ta Massachusetts, aka jera su sahu kafaɗa da kafaɗa kamar sauran soja, aka shiga da su dajin da ake kira West Woods tare da dakarun Janar Sedgwick. Sojan Kudu suka ɓullo musu ta gefen hagu. Cikin minti ashirin ko makamancin haka, daga mutum 606 da rundunar ta shiga da su, har da maharban, fiye da rabi sun mutu ko sun jikkata. Saunders kansa a nan aka kashe shi. Ni a ganina wannan asara ce ta ganganci. Mutumin da ya ƙware a harbin nesa, me ya kai ka tsayar da shi inda ɗan jiya ma ba zai kuskure ba?

Waɗanda suka tsira sun ci gaba. A gwabzawar Gettysburg a jihar Pennsylvania, Yulin 1863, Kyaftin William Plumer ke jagorantarsu, aka rarraba su ƙungiya-ƙungiya suna farautar maharban Kudu da ke ɓoye cikin gidaje da rumbuna. Akwai dutsen tunawa da su a filin har yau.

Na ga hannu a can baya. Bismillah malam, yi tambayarka.