Kazarki ta takure a lungu? Ga abin da za ki fara yi kafin ki ba ta ja da yalo

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar kaza za mu yi, ba kajin gona na dubu biyu dubu uku ba, a'a, kazar gida nake nufi, irin guda biyar ko goma da uwargida take kiwo a bayan ɗaki, wadda in baƙo ya zo a kama ɗaya, in kuɗin makarantar yaro ya taso a kai biyu kasuwa.

To kin tashi da safe kin buɗe akurki kin watsa tsaba, kowa ya fito da gudu sai ita ɗaya ta maƙale a lungu, ta saki fukafukai, gashinta ya tashi kamar an hura ta, ido a lumshe tana gyangyaɗi. Abin da yawancinmu muke yi na sani, a aiki yaro kemis ya siyo ja da yalo a ɓare a ruwa a ɗura mata, wani ya ƙara barkono, wani ɓawon maɗaci. Dan Allah ki dakata tukun. Ba ki san me yake damunta ba ai.

Abu na farko, kuma wallahi in shi kaɗai kika ɗauka a bidiyon nan ya wadatar, ki ware ta. Yanzu yanzu ba anjima ba. Ki samo kwali ko babban kwando ki shimfiɗa tsumma ko busasshiyar ciyawa ki kai ta can wani gefe nesa da sauran, da nata kwanon ruwa da nata na abinci wanda babu kazar da za ta sa baki. Dalili biyu ne. In cuta ce mai yaɗuwa to ta kashi da majina da ruwan da suke sha tare take bi, sannan su kansu kaji in suka ga ɗaya ta yi rauni tsattsagarta suke yi su hana ta ci. Kuma ki sani kaza tana ɓoye ciwo, ranar da kika ga ta takure ba ranar ta fara ba, ta yi kwana biyu tana daurewa. In kin gama taɓa ta ki wanke hannu da sabulu, kuma kullum masu lafiyar za ki fara ba wa abinci ita ce ƙarshe, kar yara su dinga zuwa suna ɗaukarta suna komawa cikin sauran.

Na biyu ɗumi. Jikin kaza ya fi namu zafi, yana kai wajen digiri 41, shi ya sa in ba ta da lafiya ba ta ci sanyi yake saurin kama ta musamman lokacin hunturu. Ki zuba ruwa mai ɗumi a gorar roba ki naɗe da tsumma ki ajiye a gefenta, ki rufe saman kwalin amma ki bar inda iska za ta shiga. Kar ki kunna gawayi ki kulle ta da shi a ƙaramin ɗaki, hayaƙin da ba a gani zai iya kashe ta har ma mutum. In kuma bazara ce kika ga ta buɗe baki tana haki ta ware fukafukai to wannan ba ɗumi take so ba, zafi ne ya yi mata yawa tunda kaza ba ta gumi, inuwa za ki kai ta ki ba ta ruwan randa mai sanyi ki ɗan jiƙa mata ƙafafu.

Sai ruwa. Rashin ruwa ya fi rashin abinci saurin kashe kaza mara lafiya, balle in tana zawo. Ruwa mai tsabta lita ɗaya ki sa babban cokali ɗaya na suga da ɗan gishiri kaɗan, abin da yatsu biyu za su ɗebo, kar ki cika gishiri don yawansa guba ne gare su, kuma kwana ɗaya zuwa biyu kawai sai ki koma ruwa zalla. In kina da bitamin na kaji wanda ake sayarwa a shagon magungunan dabbobi ya fi ma. To ga inda mutane suke kashe kaza da hannunsu ba su sani ba, wato ɗura. Ku duba nan, in kika buɗe bakin kaza can bayan harshe akwai wani ɗan rami yana buɗewa yana rufewa, hanyar numfashi ce wannan, in kika ɗaga kanta sama kika kwarara ruwa da cokali to huhu yake tafiya, sai ki ga ta yi ƙwaƙ ƙwaƙ ta mutu a hannunki a ce ai cutar ce. Ki tsoma ƙarshen bakinta a ruwan kawai ki saki, ko ki ɗiga mata a gefen baki ɗigo ɗigo ki jira ta haɗiye da kanta. Yana cin lokaci amma haka ake yi.

Abinci kuma mai laushi, dusa da aka jiƙa da ruwan ɗumi, ko dafaffen ƙwai ki murmushe mata, shi ƙwan nan yana da kyau sosai don ko ba ta son komai takan ɗan tsattsaga.

Yanzu sai bincike. Bahaushe ya ce a bar kaza cikin gashinta, to yau kam ba za mu bar ta ba sai mun buɗe gashin nan mun duba. Ki shafa ƙashin ƙirjinta, in kika ji shi tsini kamar wuƙa babu nama gefe da gefe to ta daɗe tana ramewa, sau da yawa tsutsar ciki ce, akwai Piperazine da ake sawa a ruwa. Ki ɗaga fukafuki ki duba hammata da kewayen dubura, in akwai ƙwarƙwata ko ƙuma za ki gansu suna gudu, su ma suna shanye jinin kaza har zankonta ya yi fari fat. Akwai hodar kashe su, ki kuma share akurkin ki ƙona tsohuwar shimfiɗa, ki tara musu toka da yashi a wuri busasshe su dinga birgima. Kananzir da wasu suke shafa wa kaza a jiki ƙona mata fata yake, a daina dan Allah.

Ki taɓa jakar abincin nan da take ƙasan wuya ta ɓangaren dama. Da yamma ya kamata ki ji ta a cike, da asuba kafin a ba su komai ta zama wayam. In da safe kika ji ta tauri ko ta cika da ruwa bakin yana warin tsami to abinci ne ya tsaya, wani lokacin ma leda ko zare ta haɗiya a bola.

In mai yin ƙwai ce kika ga tana shiga wajen ƙwai tana fitowa ba komai, tana tafiya a tsaye tsaye tana yunƙuri wutsiya a ƙasa, ƙila ƙwai ne ya maƙale. Ki zaunar da bayanta a ruwa mai ɗumi kamar minti 15 zuwa 20, ki goge ta, ki shafa man gyaɗa a bakin duburar ki sa ta wuri mai duhu. Kar ki matsa cikin. In ƙwan ya fashe a ciki abin ya fi na da muni.

Sai kashi, ku yi haƙuri masu kallo suna cin abinci amma kashin kaza shi ne katin asibitinta, shi ya sa nake so a shimfiɗa farar takarda ko buhu a ƙarƙashinta a gani da safe. In jini ne a ciki, musamman ga 'yan tsaki da matasa lokacin damina da ƙasa take jiƙe, yawanci cutar kashin jini ce ta hanji, ita tana da magani ana ce masa Amprolium, a ruwa ake sawa wajen kwana 5, ki bi abin da aka rubuta a jikin ledar kuma sauran ma a ba su, sannan a busar da akurkin in ba haka ba dawowa za ta yi. In ƙuraje ne masu ɓawo a zanko da gefen ido, sauro ne yake yaɗa wannan, ba ta da maganin sha, ki dinga shafa aidin a kan ƙurajen ban da cikin ido, ki tabbatar tana ganin abinci, cikin sati uku zuwa huɗu yawanci sukan warke.

Amma wadda nake so mu tsaya a kanta ita ce mai share akurki. Kashi kore shar ko fari mai ruwa, numfashi da ƙyar tana buɗe baki, majina, daga baya wuya ya murɗe kai ya juya sama tana zagaye tana faɗuwa, yau ɗaya gobe uku jibi kin rasa na kirgawa. Likitoci suna ce mata Newcastle, sunan wani gari ne a Ingila inda aka gano ta tun shekarun 1920, kuma a wajenmu ta fi ɓarna da hunturu. Ni ta taɓa shigo min gida, kaza ɗaya na siyo ranar kasuwa kyakkyawa da ita, na sake ta cikin nawa a daren, ba a yi sati biyu ba akurki ya zama kango, har yau in na tuna raina yana ɓaci saboda da na sani da ban haɗa su ba. Ita wannan cutar ƙwayar bairos ce, ja da yalo ba ya kashe bairos, barkono ba ya yi, babu wani kafso a kemis da yake yi. Abin da yake aiki rigakafi ne kuma tun suna lafiya ake yi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da take Vom a jihar Filato tana yin rigakafin nan, akwai LaSota, akwai kuma I-2 wanda ya fi jure zafi shi ya fi dacewa da kajin gida, ɗigo ɗaya ne a ido, a maimaita duk bayan wata 3 zuwa 4. Kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce kuma in an haɗa ta ba ta kwana, to ku haɗu ku matan layi ɗaya ku yi karo-karo ku kira malamin dabbobi rana ɗaya a yi wa na kowa, kafin sanyi ya shigo. Wadda ta riga ta kwanta ba a yi mata. Duk kazar da kika siyo ko aka ba ki kyauta kuma ta yi sati 2 ita kaɗai tukun.

Akwai kuma inda ba jinya za ki tsaya yi ba. In kaji suna zubewa da yawa lokaci ɗaya ba wani dogon ciwo, kai ya kumbura, zanko ya koma shuɗi shuɗi, ƙafafu kamar jini ya kwanta, to ana tsoron murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 a wata gona a jihar Kaduna, kuma ita tana iya kama mutum. Kar a fige, kar a ci, kar yara su taɓa, ki sa maigida ko wani babba ya je ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ya faɗa.

Na san al'adarmu, da an ga kaza tana layi sai a ce kawo wuƙa kar ta yi mushe. In karaya ta yi ko kare ya cije ta wannan daban. Amma wadda ba a san me ya kama ta ba, ko wadda aka ɗirka wa magani jiya, ni dai ba zan ba iyalina ba. Wadda ta fi ci min rai kuma ita ce a kwashe su a kai kasuwa da sauri a sayar da arha, haƙƙin mutane ne wannan, wata baiwar Allah ce za ta siya da ɗan kuɗin adashinta ta kai cuta gida. Wadda ta mutu a haƙa rami mai zurfi yadda kare ba zai tono ba a binne, kar a wurga bola ko kwata.

In Allah ya sa ta fara tashi, za ki ga ta soma gyara gashinta da baki tana tone shimfiɗar, kashi ya dawo daidai. Kar ki yi gaggawar mayar da ita, ki ƙara mata kamar sati tana ci tana sha sosai. In an ba ta maganin ƙwayoyin cuta ki duba jikin ledar akwai kwanakin da aka ce kar a ci ƙwai ko naman, ki cika su, ƙwan kwanakin nan a zubar. Ranar mayarwa kuma da daddare za ki saka ta bayan sauran sun kwanta, faɗan ya fi sauƙi, da safe ki watsa tsabar a wuri biyu ki ɗan tsaya ki ga ta samu ta ci.