Sabuwar Tashar 'Yan Kwana-kwana: Me Ya Kamata a Sa a Gaba?

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gobara ya ji ɗaya daga cikin maganganun nan biyu: "Sun zo a makare," ko "Ruwansu ya ƙare." Bakinmu kan yi saurin kama 'yan kwana-kwana, alhali sau da yawa matsalar daga ginin da suka fito ta samo asali. To, mu ƙaddara za a rushe tsohuwar tasha a nan Kaduna a tayar da sabuwa.

Tun kafin a haƙa harsashi, sai an duba wurin. Kogin Kaduna ya raba garin nan biyu, kuma mai hawa gada da yamma ya san cunkoson da ake sha. Motar da za ta kai ɗauki Kakuri ko Barnawa, da ke kudancin kogin, bai kamata sai ta tsallaka ruwa ba. Haka wadda za ta shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko Kasuwar Bacci, ko Panteka, da ke arewacinsa. A ƙa'idar ƙungiyar NFPA ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin kariya daga gobara, daƙiƙa 80 ake ba ma'aikata su shirya su fita, sannan motar farko ta isa cikin minti 4. Shi ya sa ake yi wa rumfar motoci ƙofa gaba da baya: mota ta shigo ta nan, ta fita ta can, ba sai direba ya tsaya juyi ba.

Yanzu ku dubi rufin tashar da kyau, domin nan ne zancen yake. Motar da ta ɗauko lita 5,000, idan tana fesa lita 1,000 a minti, cikin minti biyar ta zama fanko. Ina za ta koma ta cika? Ga lissafi mai sauƙi. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. Kaduna na samun fiye da milimita 1,000 a shekara. Ashe rufi mai faɗin murabba'in mita 500 zai iya tara lita 500,000, wato cikin irin wannan mota sau ɗari. Ruwan da muke kallo yana bin indararo yana faɗawa kwata a watan Agusta, shi ne za mu nema ido rufe a watan Janairu, lokacin da iskar hunturu ke hura wuta daga shago zuwa shago. Don haka a gina babban tanki a ƙarƙashin ƙasa, a haƙa rijiyar burtsatse ta tallafa masa.

Famfon da zai ɗaga ruwan kuwa, a ɗora shi a kan sola da batura, tare da rediyon sadarwa da fitilu, janareto ya zama na ko-ta-kwana. Amma a bar matakalar hawa rufi, don ƙurar hunturu na dushe faifan sola idan ba a wanke shi.

Zafi kuma da tsarin gini ake fara maganinsa. Dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, rufi ya zarto ya yi inuwa, tagogi su kalli juna iska ta ratsa.

Akwai abin da ya fi damuna, ba a kuma cika zancensa ba. A 2022 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Hayaƙin dizal ma tun 2012 yake cikin wannan sahu. Bawan Allah ya shiga wuta dominmu, sannan ya dawo ya rataye rigar da ta sha hayaƙi kusa da gadonsa? A'a. Daga mota sai wurin wanke kaya, daga nan sai banɗaki, kafin ya taka ɗakin kwana ko masallaci. Hayaƙin motoci kuma a ja shi da bututu zuwa waje.

Kuma kafin a ɗora guduma a kan tsohon ginin, a tanadar wa motoci da ma'aikata matsuguni na wucin gadi a cikin unguwar, da ruwansa da layin wayarsa, har ranar da za a buɗe sabuwar.