Amsoshin Tambayoyinku: Tsoffin Gidajen Jidda da Aka Gyara

Mai gabatarwa: Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ƙanƙane ne. Yawancinsu kan Balad ne, tsohuwar unguwar Jidda da ke bakin Bahar Maliya. Malam na tare da mu, ya daɗe yana koyar da zanen gine-gine a nan Zariya.

Wata Hajiya daga Tudun Wada tana tambaya ko ana biyan kuɗin shiga. Hajiya, zagaya lunguna kyauta ne, amma wasu gidajen da aka mayar gidajen tarihi sai da tikiti. Ki bari sai bayan la'asar, ranar Jidda ba ta da wasa.

Wani matashi daga Samaru na son sanin yaushe UNESCO ta saka wurin cikin kayan tarihin duniya. A 2014 ne. Amma ɗan samari, ka riƙa gyara rubutu, sai da muka taru mu uku kafin mu karanta takardarka.

To, ga wadda ta fi yawa. Wani dattijo daga Ƙofar Doka ya rubuto, wasu ma sun yi irinta. Ya ce me ya sa za a zuba dukiya a gidan da ya riga ya tsufa, ba gara a rushe a yi sabo da siminti ba? Bari in maimaita, don na san da yawa haka suke gani: me ya hana a rushe kawai? Malam, bismillah.

Malam: To Baba, Allah ya ƙara girma. Kafin in amsa, a san cewa Jidda ita ce tashar jiragen ruwan Makka tun zamanin Sayyidina Usman, shekara ta 26 bayan Hijira. Alhazan da suka ƙetaro ruwa ta Sawakin da ke ƙasar Sudan, har da kakanninmu, nan suke sauka. Gidajen kuwa da duwatsun murjani aka gina su, waɗanda ake haƙowa a gaɓar teku, ana jera katako a tsakanin bango don ya raba nauyi. Tagogin nan na katako da suka turo waje, rawashin, iska na ratsa su ta sanyaya ɗaki, matar gida tana ganin titi ba a ganinta. Ka ɗauki Gidan Nasif, an fara shi a 1872 aka gama a 1881, Sarki Abdul'aziz ya sauka a cikinsa a 1925...

Mai gabatarwa: Malam, batun siminti fa?

Malam: Yauwa. Dutsen murjani yana shan laima da gishirin teku, dole ya samu hanyar fitar da su. Ka shafe shi da siminti, ka kulle ruwan a ciki, bangon ya riƙa ruɓewa ba a sani ba. Shi ya sa masu gyara suke komawa ga farar ƙasa irin ta da. In kuwa ka rushe, magana ta ƙare. Ganuwar Jidda an rushe ta a 1947, yau sai dai ƙofofi da ake nuna wa baƙi.

Mai gabatarwa: Kun ji, Baba. In maimaita: siminti a kan tsohon bango cuta ne, rushewa kuma ba a dawo da ita. Ni kuma ga nawa ra'ayin. Alhazanmu suna shiga Balad su sayi jallabiya da turare da darduma, su fito ba su ɗaga kai sun kalli bene ko ɗaya ba. Haba jama'a! Kuma mu Zazzagawa bai kamata wannan magana ta zame mana baƙuwa ba. Masallacin Juma'armu Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi zamanin Sarki Abdulkarimu, masana daga ƙasashen waje suka zo suka yi nazarin bakan gizon da ke riƙe da rufinsa. Mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, da wani sashe ya rufta ana sallar la'asar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tsohon gini kulawa yake so tun kafin ya tsage.

Wata malamar makaranta daga Sabon Gari ta ce akwai lambun da za a kai yara?

Malam: In lambu ake so a bakin teku, ai Forodhani na Zanzibar ne, a gaban tsohon gari. Gidauniyar Aga Khan ta gyara shi, aka sake buɗewa a 2009, da magariba masu gasa kifi ke cika wurin.

Mai gabatarwa: Malam, Jidda aka tambaya.

Malam: Af, to. A ƙofar Gidan Nasif akwai tsohuwar darbejiya, ana cewa a da ita kaɗai ce bishiya a garin, har ana kwatance da ita. Sannan ga bakin ruwa da aka ƙawata, yara za su sake.

Mai gabatarwa: Madalla. Ta ƙarshe, daga Gyallesu: mai bizar Hajji zai iya zuwa? Ka fara tambayar jami'an alhazai na jiharka, kada ka fita kai kaɗai. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ga labaran duniya nan tafe.