Sharhi: Koren da ke Jikin Tutarmu

Masu sauraro, assalamu alaikum.

Wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ƙarasa bakin iyaka, ya ga tutoci biyu suna kaɗawa. Ta Nijar da rana mai ruwan goro a tsakiyarta, tamu ta Najeriya kuwa kore, fari, kore, ba ado. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, tamu ma da ranarta aka zana ta.

Michael Taiwo Akinkunmi, ɗalibi ɗan shekara 23 da ke karatu a Landan, shi ya ga sanarwar gasa a jarida, ya aiko da zanensa. A 1959 alƙalai suka zaɓi nasa cikin dubban zane, suka cire jar ranar da ya sa a kan farin, suka ba shi fam 100. Daren 1 ga Oktoba, 1960, a filin sukuwa na Legas, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga wannan. Bawan Allah nan sai a 2014 ya sami lambar girmamawa ta ƙasa, ya rasu a 2023.

Mu nan ba baƙin tuta ba ne. Tun zamanin Shehu Ɗanfodiyo, wanda aka ba tuta amana aka ɗora masa.

Farin, aka ce, zaman lafiya ne. Koren kuwa noma ne da albarkar ƙasa, kuma nan nake so mu tsaya. Lokacin da aka zaɓi launin nan, dalar gyaɗa na tsaye a Kano, guminta daga ƙauyukanmu ya fito. Ka bi fadamar Haɗeja cikin Agusta, shinkafa ta rufe ƙasa, gero ya fi mutum tsawo, ka gaya mini wa ya fi manomi gadon wannan kore.

To amma leƙa firamaren ƙauye. Sandar gora ce a karkace, tutar ta sha rana da hunturu har koren ya koɗe ya koma ruwan toka, bakinta ya zare kamar tsumma. Ƙarƙashinta yara ke jeruwa da safe suna taken ƙasa, 'ya'yan manoman nan da launin ke nufi. Malam hedimasta zai ce ba kuɗi, kuma ba ƙarya ya yi ba, ko alli da ƙyar. Sai dai yadi biyu ne da ɗinki uku, telan bakin kasuwa zai gama kafin azahar. Ranka ya daɗe mai gari, a taron iyayen yara na gaba, a sa maganar nan a gaba.