Amsoshin Tambayoyinku: 'Yan Sauyi da Mulkin Kama-karya

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Zariya. Wasiƙu uku muka ware wannan mako, dukkansu a kan 'yan ra'ayin sauyi masu bin tafarkin gurguzu.

Ta farko daga wata malamar makaranta ce a Tudun Wada. Ta ce: "Ina ce waɗannan mutane juyin juya hali suke so, ba zaɓe ba. To me suka taɓa yi wa dimokuraɗiyya?"

Malama, ƙuri'ar da kike jefawa yau, da guminsu a cikinta. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma tun farko ta faɗa ƙarara cewa rigimar Arewa tsakanin talakawa ce da masu riƙe da En'e. A zaɓen 1951 ba kai-tsaye ake zaɓe ba, hawa-hawa ne. 'Yan NEPU suka yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma da aka hau sama, inda En'e ke da ikon cusa nata mutanen cikin masu zaɓe, sai aka tace su tas, ko mutum ɗaya bai kai majalisa ba. Shi ya sa Malam Aminu Kano, jagoran NEPU, da mutanensa suka kafe a kan zaɓen kai-tsaye, da ƙuri'ar mata, da raba kotun alƙali da 'yan doka daga hannun masu mulki. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar garin nan, ta sha duka da ɗauri saboda wannan magana ta mata. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓe ba sai 1979, alhali na Kudu sun daɗe suna yi. A shekarar ce kuma gwamnonin jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano, suka soke haraji da jangali, waɗanda da su ake tanƙwara talakan da ya ɗaga kai.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗalibi ce a Samaru: "Lokacin soja babu jam'iyyu. Da me suka yi yaƙi, kuma me ya sa ba su kayar da Abacha ba?"

Ɗan'uwa, makaminsu ƙungiya ne: ta ma'aikata, ta malaman jami'a, ta ɗalibai, da lauyoyi da 'yan jarida. Kuma kana zaune ne a ɗaya daga cikin cibiyoyin. A Jami'ar Ahmadu Bello Dokta Bala Usman ya koyar, shi ne kuma tare da Segun Osoba suka rubuta rahoton marasa rinjaye a kwamitin tsara tsarin mulki na 1976. A nan aka harbe ɗalibai a watan Mayu 1986. Daga nan aka ɗauke Patrick Wilmot, malamin jami'ar, a 1988 aka fitar da shi daga ƙasar.

Dubi yadda yajin aiki ke cizo. A watan Yuli 1994 ƙungiyoyin ma'aikatan mai, NUPENG da PENGASSAN, suka tsayar da aiki suna neman a saki Abiola a mutunta zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni 1993 da soja suka soke. Ma'aikatan mai ba su da yawa, amma suna zaune ne a maƙogwaron ƙasa. Direban tanka ya ajiye mota, depo ya tsaya, gidan mai ya bushe, mai kabu-kabu ya koma gida, kasuwa ta mutu. Sai dai yunwar da ke matsa gwamnati ita ce ke matsa mai yajin. Wanda sai ya fita yake samun na cefane ba zai yi sati uku a ɗaki ba, kuma in ƙungiya ba ta tara asusun tallafi tun kafin a fara ba, ita ce za ta fara gajiya. Abacha ya jira wannan gajiyar. A watan Agusta ya rushe shugabancin ƙungiyoyin biyu da na NLC, uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, ya naɗa kantomomi, aka kama Frank Kokori, babban sakataren NUPENG, aka tsare shi har 1998. Wanda ya riƙe ofis da asusu ya riƙe wuyan ƙungiya. Sannan akwai rauni na biyu, wanda mu 'yan Arewa ya kamata mu faɗa da bakinmu: an yi nasarar nuna gwagwarmayar tamkar ta Yarabawa ce kawai, sai Legas ta tsaya cik, garuruwanmu kuwa ana ta harka. Kwatanta da Janairu 2012, da aka ɗaga litar fetur daga naira 65 zuwa 141. Kano da Kaduna da Legas suka tashi tare, bayan mako guda na yajin aiki gwamnati ta sauko zuwa 97. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta uku daga wani Alhaji ce, ɗan kasuwa a Sabon Gari: "Su ma ai 'yan kama-karya ne in sun samu dama."

Alhaji, ranka ya daɗe, maganarka tana da tushe. Tarayyar Sobiyat jam'iyya ɗaya ce ta yi mulki, mai suka kuma gidan yari. Mengistu na Habasha da sunan talaka ya kashe dubban mutane, har da 'yan gurguzu 'yan'uwansa. Duk ɗan sauyin da ya yi wa juyin mulki guɗa don yana ganin sojan nasa ne, ya sani dokar tsare mutum ba shari'a, irin Doka ta 2 ta 1984, ba ta tambayar ra'ayin wanda za ta kama.

Cuta ta biyu rarrabuwa ce. A Jamus, zaɓen Nuwamba 1932, 'yan gurguzu masu sassauci da 'yan kwaminis in an haɗa ƙuri'unsu sun kai kashi 37 cikin 100, jam'iyyar Hitler tana da 33. Amma 'yan kwaminis sun ɗauki masu sassaucin a matsayin babban abokin gaba. Ranar 30 ga Janairu 1933 Hitler ya hau, cikin watanni ya haramta su duka biyun. A gida kuwa PRP ta tsage gida biyu, Santsi da Taɓo, a daidai lokacin da majalisar Kaduna mai rinjayen jam'iyyar NPN ta ƙi amince wa Balarabe Musa da kwamishina ko ɗaya, har ta tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981.

Saboda haka, Alhaji, in ɗan sauyi ya zo rumfarka neman goyon baya, yi masa tambayoyi uku. Yaushe ƙungiyarsu ta yi zaɓen shugabanni na ƙarshe? Wa ke duba asusunta, kuma ana karanta lissafin a gaban mambobi? In an kama ɗan jam'iyyar da suke adawa da ita aka wuce kwana biyu ba a kai shi kotu ba, saɓanin sashe na 35 na tsarin mulki, za su tura masa lauya?