Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina a Bikin Buɗe Ɗakin Gwajin Lantarki, Daura

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, wakilin Mai Martaba Sarkin Daura, iyayenmu hakimai da dagatai, 'yan'uwa malamai da ɗalibai. A madadin malaman sashen lantarki muna cewa lale marhabin, ranka ya daɗe, sannu da hanya.

Ga abin da za ka buɗe nan a gabanka: tanki a kan hasumiyar ƙarfe, bututu ya gangaro daga gare shi, 'yar farfela a ƙarshensa, sai ɗan janareta mai kunna ƙwan fitila ɗaya. Da irin wannan tsarin Kainji take aiki, girma ne kawai ya bambanta su.

An fara gina madatsar Kainji a kan Kogin Kwara a 1964, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Inji 12 aka yi wa gurbi, 8 aka dasa, ƙarfinsu megawat 760. Ba a banza aka same ta ba: ruwa ya cinye tsohuwar Bussa, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajensu. Jebba ta biyo baya a 1985, tana sake amfani da ruwan da Kainji ta saki. Sai Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990, inji 4, kowanne megawat 150. Daga can layin kilobolt 330 yake zuwa Mando a Kaduna, ya wuce Kumbotso a Kano, a sauke shi zuwa 132, ya biyo ta Kankiya da Katsina kafin ya iso mana.

Abu biyu ne ke haifar da wutar: yawan ruwa da nisan faɗuwarsa. Lita 1,000 a kowace daƙiƙa, in ta faɗo daga mita 10, za ta ba da kilowat 80 da 'yan kai. Shi ya sa madatsun Zobe da Jibiya da Sabke, da aka yi domin ruwan sha da noman rani, ba za su yi aikin Shiroro ba. Shi ya sa kuma wuta take raguwa da bazara, daidai lokacin da zafi ya fi gallabar mutane: tafki ya ja baya, ruwan ba shi da nauyin da zai tura farfela.

Inda muka fi so ɗalibanmu su ƙware, ranka ya daɗe, shi ne gane ciwon inji kafin ya kwanta. Kainuwa da itatuwa suna toshe ragar bakin bututu. Yashi yana goge fikafikan farfela kamar sanfefa. Idan matsin ruwa ya faɗi a bayan farfela, ƙananan kumfa suna fashewa a jikin ƙarfe har su yi masa zanzana, kuma ma'aikaci mai kunne zai ji kamar ana zuba tsakuwa a cikin injin. Boris kuwa, wato abin da sandar injin take juyawa a kansa, in mai ya gurɓace sai ya ɗau zafi, dole a kashe. Akwai na'urar da makanikai ke kira gwamna, ita ke buɗe ƙofar ruwa ko ta rage domin wuta ta tsaya a kan zagaye 50 a daƙiƙa. Idan babban inji ya fita ba shiri, sauran suka kasa ɗaukar nauyin, sai su ma su yanke kansu ɗaya bayan ɗaya, ƙasa ta shiga duhu. Ko injina lafiya lau suke, in aka karya turakun layi, kamar yadda ɓata-gari suka yi tsakanin Shiroro da Kaduna a 2024, mai niƙa da mai walda a Daura sai su zauna kwana da kwanaki ba aiki.

Koƙon bararmu ɗaya ne: a taimaka mana da mota da takardar izini, kowace shekara mu kai 'yan ajin ƙarshe Shiroro, su tsaya kusa da injin gaske, su ji rawar ƙasa a tafin ƙafarsu.

Allah ya maida kai gida lafiya. Bismillah, ranka ya daɗe, ga kan famfon nan, a murɗa shi ruwa ya sauko.